Lakar Tafkin Gubuchi

Duba-gari, sarkin leƙa tukwanen mutane, ya kafa sandar awonsa, ya duba. Tulin lakar ya ragu da kamu biyu.

Laka ce da aka yaso daga tafkin da ake wanke tankunan feshin maganin ƙwarin auduga, inda kifaye suka mutu shekarar da Turawa suka tafi, aka jibge ta a bayan gari. Duk wata yakan auna ta, ya ga ko ruwan sama ya kwashe. To, rani ake, wa ya ɗiba?

Ya koma gida. Matarsa, ga ciki wata bakwai, ta miƙo moɗa.

"Sha ka ji sanyi, Malam. Maginiyar tukwane ta samo yumɓu kyauta a bayan gari, duk unguwa mun sayi randa. Ni sati uku ke nan daga ita nake sha."