Ƙeyar Ɗan Wuta

Anselm, mai rubuta allunan shaguna a bakin kasuwar Daura, ya jingina wani hoto a bango don fenti ya bushe. Cocinsu ne ya sa shi zana Ranar Hisabi: ma'auni a tsakiya, 'yan dama cikin fararen kaya, 'yan hagu ana kora su wuta.

Malam Maliki ne ya fara waiwayowa. Shekara shida ke nan yana zama a bencin ƙofar shagon Anselm, fuskarsa ga titi, yana rarraba masu wucewa tsakanin Aljanna da wuta. A satin nan kuwa yake neman 'yan kasuwa su naɗa shi shugaban kwamitin sulhu. Da ya ga an taru, sai ya gyara murya.

Ya fara da cewa zana mutum haramun ne, sannan ya matso ya ƙura ido.

"Ku da ba ku yi karatu ba, ku saurara. Hisabi bincike ne, mizani awo, hukunci kuwa yankewa. Sakayya ita ce a rama wa wanda aka zalunta."

Ya ɗora yatsa kan wani ƙato a sahun hagu, wanda ya juya baya, hula a karkace, ƙeya ninki uku da wani tsohon tabo.

"Wannan ba sai an auna shi ba. Ku dubi wuya! Naman mutane ne ya taru a nan. Irinsa ba a ba shi amana, ba a bin sa salla. Da a gabana aka kawo shi, ko bakinsa ba zan bari ya buɗe ba."

Anselm ya yi tari. "Malam, a bar shi haka mana."

"Kai dai riƙe burushinka."

Dariya ta fara tashi daga baya, ana toshe baki. Maliki ya ɗauka fasaharsa ce ta burge, ya ƙara ƙaimi, har ya roƙi Allah ya ƙara wa ƙaton nan itace. Aka amsa amin da ƙarfin da bai taɓa ji ba. Ya shafa gemu, yana ganin kujera ta zama tasa.

Ana haka yayarsa Ikilima, mai sayar da daddawa, ta kutso da tire a ka. Ta dubi hoton, ta saki salati.

"Maliki, wa ya zana ka a nan? Har da inda na ƙwala maka muciya muna yara!"