Ɗaki Mai Taya da Ƙusar Rumfa

Tunda ka sayo abin ja, ɗakin nan mai taya, ka zo a sa maka albarka, zauna ka fara jin wannan, albarkar tana tafe a baya.

An yi wani mai sayar da fata da Allah ya buɗa masa, ya sayi irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a tafi shan iska. Yana da dalilinsa. Mahaifinsa ya tsufa, baya ya sankare, kullum zancensa ɗaya, kafin ya bar duniya yana so ya sake ganin tafkin da ya yi su a ciki yana yaro. Garin da ke bakin tafkin kuwa ya tashi tuntuni, babu gidan sauka. Ɗan ya ce shi zai kai shi, su kwana a bakin ruwa cikin ɗakinsu. Sai ya shiga yi wa ɗakin jere kamar na amarya: katifa mai laushi, darduma har jikin bango, sola a rufi, firji, fanka, tukunyar gas, jarkokin ruwa, har da labule mai geza. Kuma kada ka ɗauka sakarai ne. Kaya masu nauyi a saitin tayoyi ya jera su, ya ɗaure komai tam, iskar taya ma da kansa ya je ya auna. 'Yan unguwa suka yi ta zuwa kallo, shi kuwa yana ta buɗe ƙofa yana rufewa.

Ranar tafiya da safe aka nemi sakatar da ake zurawa a ƙugiya ta haɗa ɗakin da mota, sama ko ƙasa aka rasa. Ɗan ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba. Matarsa ta ce, "Maigida, ga maƙeri nan bayan masallaci, kafin a gama karin kumallo ya ƙera maka wata." Ya dubi rana, ya dubi 'yan rakiya da suka cika ƙofar gida, ya ce, "Don wannan ɗan abin zan tsayar da tafiya?" Ya zaro ƙusa daga jikin rumfa, ya zura, ya lanƙwasa bakinta da dutse. Akwai sarƙar da ake haɗawa don ko sakata ta ci amana ita ta riƙe. Ya ga ta yi tsatsa za ta ɓata masa kwalliya, ya cusa ta ƙarƙashin kujera. Tsoho ya ce bayansa ba zai jure zaman mota ba, sai aka kwantar da shi a katifar ɗakin, alhali abin ja in yana tafiya ba a sa mutum a cikinsa.

A kan kwalta lafiya lau. Da suka sauka hanyar burji, kowane rami aka faɗa sai ƙugiya ta ɗan ci ƙusa. Suna hawowa daga wani busasshen rafi ya ji ƙas, ya ce dutse ne. Nan take mota ta yi sakayau, ta miƙe kamar an yi mata allura. Ya yi murmushi ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Sai yanzu ta saki jiki." Gilashin baya matasan kai sun toshe shi, madubin gefe ƙura ta rufe, shi kuma bai ga abin tsayawa dubawa ba. Haka ya yi ta tuƙi yana yabon mota har ruwa ya bayyana a gabansu, fari fat da balbelu. Ya fito da fara'arsa yana cewa, "Baba, ga tafkinka," ya zagayo baya, sai ƙugiya tsirara.

Ya juya mota. A hankali yake tafiya yana leƙa kowane kwari, bakinsa ba abin da ke fita sai innalillahi. Duk kayan nan da ya yi ta nuna wa mutane, ko ɗaya bai faɗo masa a rai ba. A rafin nan ya sami ɗakin. Ashe ɗakin ya gangara da baya ya kwanta a gefe ɗaya cikin yashi, sola ta tarwatse, firji ya fasa ƙofa, ruwan jarkoki ya jiƙe darduma. Tsohon kuwa yana zaune gindin wata kanya. Wasu manoma ne suka zaro shi ta taga, katifa ta tare masa, goshinsa kawai ya kumbura. Ɗan ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Tsoho bai yi faɗa ba. Ya buɗe hannunsa, ga guntun ƙusa da ya tsinta a yashi, ya ce, "Ɗana, a kan wannan ka ɗora ubanka?" Ɗan ya roƙe shi ya shiga gaban mota a ƙarasa, tafkin ba nisa. Tsoho ya ce, "Kai ni gida." Daga baya an ɗaga ɗakin, an gyara, maƙeri ya ƙera sakata har da ta ajiya, an wanke sarƙa an shafa mata mai. Amma tsoho bai ƙara yarda ya hau hanyar nan ba, har Allah ya karɓi abinsa bai ga tafkin ba.

To kai da ka zo kana nuna mini labule, tashi ka nuna mini sakatarka da sarƙarka, sannan in sa albarka. Hausawa sun riga sun faɗa: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.