Neman Blandine

Kwana huɗu ke nan Hajiya Zouera ta kulle bakinta. In an kawo cokali sai ta kau da kai wajen taga ta ce, "A fara ba Blandine. Ba ta ci komai ba."

'Yarta Ramatou ta ƙare dabara. Ta dama kunu da garin geron da aka aiko daga Damagaram, ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ƙarya ta yi cewa Blandine ta ci ta ƙoshi. Tsohuwa ta dube ta sheƙeƙe. Mantuwa ta kwashe mata kusan komai, amma ta bar mata gane maƙaryaci.

Likitar da ke duba Hajiya a gidansu na Montreuil, gefen Paris, ba ta yi kwana-kwana ba. In Hajiya ba ta ci ba zuwa Litinin, sai asibiti, a zura mata roba ta hanci. Hajiya kuwa tun tana cikin hayyacinta ta karɓi alkawarin Ramatou cewa ba za a kai ta asibitin Faransa ta ƙare a can ba. Haihuwa ma da kyar take yarda ta je.

Matsalar ita ce babu wata Blandine. Babu a dangi, babu a maƙwabta, babu a tsohon littafin lambobin waya na marigayi Malam Nouhou, mahaifin Ramatou.

Abin da ya fi ci wa Ramatou rai shi ne nata sunan ya ɓace. Hajiya mace ce mai kiran suna gatsau. Daga bene na biyar take leƙowa ta kwaɗa kira, "Ramatou," unguwa duka ta ji. Matan Damagaram masu zuwa ziyara sun sha tsokanarta: "Zouera, Faransa ta cinye miki kunya. Wace uwa ce ke kama sunan 'yar fari haka?" Sai ta yi murmushi ta tashi ta shiga kicin. Yanzu ga shi tana ce wa Ramatou "baiwar Allah", tana kukan wata baƙuwa. Kishi ya kama Ramatou, ta kuma ji kunyar kishin.

Ranar Juma'a ta rubuta sunan a wayarta, don ta rasa abin yi. Aka ce asalinsa Latin ne, daga kalmar blandus, wato mai taushi, mai daɗin lallashi. Aka ce tsohon suna ne, an daina yayinsa, kuma mutanen Lyon sun fi kowa riƙe shi saboda wata yarinya mai wannan suna da aka kashe a garinsu zamanin Rumawa.

Lyon. Can mahaifinta ya yi karatu shekara uku, da amaryarsa Zouera, kafin su koma Paris a haifi Ramatou. Bai taɓa kai yaransa su ga garin ba. In an tambaye shi sai ya ce ba abin kallo.

Mutum ɗaya ya rage daga wancan zamani, Malam Mai Moussa, abokin karatun mahaifinta. Ta kira shi, suka gaisa a gajarce, ta faɗi sunan.

"Ki zo gobe, ɗiyata," in ji shi.

Ta bar Hajiya hannun ƙanwarta Rékia ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, inda Malam Mai Moussa ke zaune. Awa biyu tana tsara maganar da za ta yi wa wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi. Za ta roƙe ta, ko durƙuso ne za ta yi, ta biyo ta Paris ta zauna bakin gado ta ce na ci, ke ma ci. Shi ke nan abin da take nema a duniya.

Malam Mai Moussa ya zuba mata shayi, ya tsaya gyaran kofuna kamar aikin da aka ɗauke shi ke nan.

"An yi wata ungozoma, Madame Blandine," ya ce. "Mutuniyar kirki. Ta daɗe da rasuwa."

Ramatou ta ce, "To, Baba, ita Inna ke nema?"

"Kin san mu ba mu raɗa suna sai ranar bakwai. Su kuwa Faransawa, a lokacin kwana uku meri, wato ofishin magajin gari, ke bayarwa a rubuta jariri. Babu suna, babu takarda. Sai mutum ya ari sunan wanda ke kusa, ya ce in an yanka rago a ƙara na gaskiya."

"Baba, ni uwata ce ba ta cin abinci. Me ya haɗa ni da meri?"

Ya jawo wata ambulan da ta yi ja don tsufa, ya ce shekara arba'in da biyar tana wurinsa, domin Nouhou bai iya zama gida ɗaya da ita ba.

Takardu biyu ne a ciki, masu hatimin merin Lyon. Ta farko ta haihuwa, uku ga Yuni 1979. Ta biyu ta rasuwa, tara ga wata, saura kwana ɗaya suna. Uba, Nouhou. Uwa, Zouera. Ramatou ta daɗe tana kallon sunan da Inna ba ta taɓa furtawa ba sai da mantuwa ta cire mata kunya, sannan ta gane dalilin da ya sa nata sunan bai taɓa yi wa Inna nauyi a baki ba: Blandine ce 'yar fari.