Sunan Da Haggai Ya Sa Wa Manhajarsa

Wata takwas Haggai ya yi a shagon gyaran waya na abokinsa Uchenna a Zuru, yana rubuta manhajar da za ta taimaki manoma. Aikinta mai sauƙi ne. Duk wanda ya ga tsutsa ko wata cuta a gonarsa sai ya ɗauki hoto ya tura, nan take gargaɗi ya isa wayoyin manoman yankin. Ya bar ta a buɗe, kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu kyauta.

Da ya gama, sai ya sa mata suna "Bagidaje". A ganinsa wasa ne, wai sauƙinta ya kai ko bagidaje ma zai iya aiki da ita. Abokan karatunsa na Kaduna suka yi ta dariya suna yaba masa.

Monica, malamar gona da ke zagaya ƙauyuka a babur, ita ta fara zuwa da ƙorafi.

"Ƙanena, aikinka ya yi kyau, amma sunan nan ya hana ni sakat. Na nuna wa matan Kanya, suka ce zaginsu aka yi. Yawancinsu ko taɓa wayar ba su yi ba."

"Anti Monica, suna ne fa kawai," in ji Haggai, idonsa na kan kwamfuta. "Ni na rubuta abata, kuma kyauta nake bayarwa. Wanda bai so ba, ga ta nan a buɗe, ya je ya yi tasa."

"Matan Kanya ne za su rubuta manhaja?"

Haggai ya ci gaba da danna kwamfutarsa.

Wata mai irin sana'arsa a Birnin Kebbi, Khairunnisa, ta rubuto a shafin manhajar cewa a canza sunan, a kuma saka saƙon murya saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Har gyaran ta yi ta turo masa. Haggai ya rubuta mata cewa ba shi da lokacin masu neman magana, ya rufe zancen.

A watan Yuli, masara ta kai gwiwa, sai wani manomi a Dirin Daji ya turo hoton tsutsar da ke cin zuciyar masara. Gargaɗi ya fita yadda aka tsara. Haggai ya ji daɗi, ya ce yau za a san amfaninsa. Da ya duba, mutum goma sha ɗaya kacal suka buɗe saƙon.

Bayan kwana goma sha biyu mahaifiyarsa ta kira shi ta ce ya zo gida. Ya tarar da mahaifinsa, Baba Abel, tsohon soja, tsaye a tsakiyar gonarsu ta gindin dutse. Ganyen masarar duk ya zama huji-huji, in ka buɗe zuciyarta sai dusa da tsutsa. Abincin gidan na shekara ke nan.

"Baba, ba ku ga gargaɗin ba? Da hannuna na saka muku manhajar a waya."

"Na goge ta."

"Kun goge?"

Tsohon ya ciro wata masara ya jefar. "Bayan an tashi daga coci, a gaban mutane, wani ya tambaye ni wai ɗana ne yake kiranmu gidadawa? Na rasa abin faɗa. Da wannan gonar na biya maka makaranta, Haggai. Na ce ba zan yawo da zagi a aljihuna ba."

 Haggai ya dubi gonar maƙwabta, ita ma haka take, da ta gaba da ita. Ya tsuguna a cikin kunya ya rufe fuska.

Washegari ya nemi Monica, ya roƙe ta ta kai shi Kanya. Matan ƙungiyar manoma suka taru a harabar makaranta. Ya ba su haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, sannan ya zauna a benci da takarda da biro. Awa biyu suna magana. Wata ta ce rubutun ƙanana ne. Wata ta ce manhajar tana cinye mata caji. Wata ta ce ita Dakarci ta fi ji. Wasu maganganun sun yi masa zafi, amma duk ya rubuta.

Da aka zo kan suna, wata dattijuwa, Mama Leah, ta ce, "Wa ke ƙwala maka kira ta kan iyakar gona ya ce duba masararka? Ai maƙwabci ne." Aka yi shewa. Sunan manhajar ya koma "Maƙwabci".

Ya rubuta wa Khairunnisa ya nemi gafara, ya karɓi gyaranta, ya sa sunanta cikin masu aikin. Monica ta ɗauki saƙonnin murya da Hausa da Dakarci. Da damina ta zagayo tsutsar ta sake ɓullowa, cikin yini ɗaya manoma sama da ɗari huɗu suka ji gargaɗi a Maƙwabci, suka yi feshi da wuri. A shekarar, rumbunan da suka kwana fanko bara sun cika.

Jama'a, bayar da abu kyauta ba lasisin raina mutane ba ne. In ka yi abu domin mutane, ka kira shi da sunan da ba zai kunyata su ba, kuma in sun yi ƙorafi ka saurara, domin su ne suka san inda yake yi musu ciwo.