Alkawarin Rami na Sha Takwas

Mai gadin ƙofa ya ɗaga fulas ɗin, ya jijjiga shi kusa da kunnensa, sannan ya harari Merv Trezise.

"Baba, ba dai giya ba ce ko?"

"Ka ji motsin giya?" in ji Merv. "Na matata ne. In ka buɗe, kai da ita."

Mai gadin ya dubi layin mutanen da ya kai har titi, ya miƙa masa abinsa.

Tikiti ɗaya Merv ya saya, don Glenys ba ta taɓa biyan ko senti ta shiga wannan kulob ba. Shekara talatin da ɗaya tana shigowa ta ƙofar baya, tana soya wa manyan Melbourne kifi da dankali, tana leƙen wasa ta tagar kicin. Ta san golf kamar yunwar cikinta. Amma doka ce, ma'aikacin kicin ba ya taka ciyawa. Ranar da ta ajiye aiki ta roƙi shugaban kulob, Mista Ashcombe, ya bar ta ta taka filin rami na sha takwas sau ɗaya tak. Ya ba ta agogon bango, ya ce ciyawar tana hutawa.

"Na rantse sai na kwanta a kan ciyawar nan, a gaban idonsa," ta ce a hanyar gida. "Kai kuma za ka kai ni."

Merv ya yi alkawari. Tsohon direban bas ne, ya san inda ake taka birki.

Yau ce ranar ƙarshe ta babbar gasar, kuma ita ce damarsa. Al'ada ce idan 'yan wasa biyu na ƙarshe suka doshi rami na sha takwas a saki igiya, 'yan kallo su bi bayansu a kan ciyawa. In ya kuskure, gasar ba za ta dawo wannan fili ba sai bayan shekara bakwai, gwiwoyinsa kuwa ko biyu ba su yi masa alkawari ba.

Suka bi Brodie Lanigan, ɗan garin da Glenys ta ce zai ɗaga kofi tun bai iya ɗaure takalmi ba. Ranar Disamba, tsakiyar bazara a ƙasar nan, ta buɗe wuta, ƙudaje kuwa kamar an gayyace su. Merv bai taɓa gane kan wasan nan ba. Ƙarti da wando mai kari suna bin 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabo, mutum dubu ashirin sun riƙe numfashi, wani kuma ya ɗaga allo wai A YI SHIRU. Kai, duniya da marasa aikin yi!

"Kin ga shirmen ɗan naki, tsohuwa? Cikin yashi ya jefa ta."

Glenys ba ta tanka ba. Wata uku ke nan ba ta tanka masa ba. Tun da ya aure ta bai taɓa samun damar kai ƙarshen magana irin haka ba, kuma abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan.

A rami na sha ɗaya wani mai tumbi da jar fuska ya miƙo kofinsa.

"Tsoho, ɗan sam mini shayi mana."

"Babu."

"Wannan ƙaton fulas ɗin? Kai, rowa!"

"Ya fi ƙarfinka, abokina. Ni ma da na saba, shekara arba'in ina fama."

Da suka iso sha takwas, Lanigan da abokin karawarsa kunnen doki. Lanigan ya yi bugu na biyu, sandar ta ɓantaro ciyawa kamar tafin hannu, ƙwallon ta sauka dab da ramin. Wuri ya kaure da ihu. Aka saki igiya, jama'a suka kwasa a guje kamar an buɗe wa tumaki ƙofa.

Merv bai bi su ba. Ya ɗingisa zuwa inda sandunan 'yan wasa suka bar gurabu a ƙasa, ya durƙusa da kyar. A kulob ɗin nan kowane mamba da ɗan bokitin yashinsa yake yawo, in ya ɓantari ciyawa ya cike gurbin, wai a nan ake gane ɗan mutunci. Merv ya buɗe fulas, ya fara zuba wa gurbin Lanigan, sannan na kusa da shi.

"Kai! Me kake yi a nan?"

Merv ya ɗaga kai. Mista Ashcombe ne da kansa, cikin kwat mai tambarin kulob, a kan hanyarsa ta zuwa miƙa kofi. Daga wannan sai kiran masu gadi, ga fulas bai kai rabi ba.

"Gurbi nake cikewa, ranka ya daɗe."

Shugaban ya tsaya, ya girgiza kai.

"Mutum dubu ashirin sun wuce, ɗaya ne kawai ya sami tarbiyya. Zuba duka, kar ka rage." Ya ja wandonsa sama, ya durƙusa, ya fara baje abin da tafin hannu. "Yashi mai laushi kuwa. Daga ina?"

"Na gida ne, ranka ya daɗe. Daga kicin ɗinku."

Ashcombe ya yi dariyar manya, wadda ake yi ba sai an gane ba. Can gaba fili ya ɗauki sowa, Lanigan ya jefa ta a rami.

Merv ya rufe fulas, hawaye na bin kumatunsa, dariya na cin sa. Alkawari ya cika: ga Glenys kwance a ciyawar sha takwas, ga shugaba durƙushe a gabanta, yana lallaɓa tokar gawarta da hannunsa.