Murfin Fiyanon Zahari

Kowace safiya, kafin Nevena ta sa koren kwat ɗinta ta tafi sayo burodi, sai mijinta Zahari ya kaɗa mata fiyano. Tana zaune ta saki gashi ya rufe kumatu, ido a lumshe. In ya gama, ita ke tashi ta rufe murfin da murmushi.

Duk birnin Plovdiv an san Zahari Mutafov, gwanin fiyano. Abin da ba a sani ba shi ne, ya gaji da fiyano har wuya. Ba wai ya tsane shi ba ne. Wata rana kiɗan kan sa shi hawaye, washegari ya ji kamar ana wanke cokula a kansa. So yake ya ajiye sana'ar ya koma ƙauye ya yi kiwon zuma.

To amma wa zai gaya wa Nevena? Matar da tun aurensu ba ta taɓa fashin wasansa ba, kullum tana layin gaba, ta fi kowa tafi. In an tashi ma sai ya yi mata magana sau biyu kafin ta ji, tsabar kiɗan ya tafi da ita. Shi kuwa abin kirkin da ya taɓa yi mata bai wuce ɗinka mata maɓallin kwat ba, shi ma ja ya samu ya liƙa.

Ana nan sai ya ji wata magana a bakin abokinsa Kosta mai goge: “Duk sautin fiyano babu mai daɗi kamar na rufe murfinsa.” Nan take ya ga mafita. In dai wani babban gwani ne ya faɗa, ya samu abin jingina. Sai dai Nevena tsohuwar ma'aikaciyar laburare ce, ko farashin tumatir ka faɗa mata sai ta ce in ji wa.

Ya sayi kwalbar barasar da ake kira rakiya, ya zaunar da Kosta ya tambaye shi mai maganar.

“Wani Bajamushe ne,” in ji Kosta. “Ko Barashe? Yana dai da gemu.”

“Kai tsohon banza, dukansu ai gemu gare su! A ina ka ji?”

“Wajen Farfesa Ilieva.”

Farfesa Ilieva ta makarantar kiɗa ta rantse cewa wani shahararre ne ya faɗa a gadon mutuwa, har ta sa ɗalibai sun haddace. Da Zahari ya matsa mata a kan suna sai ta fara gyara tabarau. Daga ƙarshe ta yarda cewa a zauren wasa ta tsinta, wajen Inna Radka mai ajiye wa 'yan kallo kwat.

Duk da haka ya tafi. Wataƙila wani babban baƙo ne ya faɗa yana karɓar hularsa.

Ya tarar da Inna Radka tana cin banitsa, wani burodin cuku, a bayan kanta. Ya tambaye ta ko wani gwani mai gemu ne ya faɗi maganar.

“Wane gemu kuma, ranka ya daɗe? Ai mace ce. Duk wasanka sai ta zo da wuri, ta tsaya gaban madubin can ta cusa auduga a kunne, ta jawo gashi ta rufe. Ran nan na ce, baiwar Allah, wa ya tilasta miki? Shi ne ta faɗi maganar nan, muka yi ta dariya. Wai akwai wanda za ta karya wa zuciya in ta daina zuwa.”

Abin mamaki, sai ran Zahari ya ɓaci. Shi ya zagi fiyano daban, a toshe kunne a wasansa daban.

“Wace marar kunya ce wannan? Ki faɗa min sunanta!”

“Ni ina na san suna? Fuska ma ba na kallo, kaya nake kallo.” Ta karkaɗe hannu, ta yi ɗan tunani. “Koren kwat ne dai, tsoho, da jan maɓalli guda wanda wani sakarai ya ɗinka a karkace.”