Maƙaryacin Shafi na Arba'in

Aminina, wani tsohon direba, ya shigo shagon askina riƙe da littafina na farko, ko sallama babu.

Shekara talatin ina aski ina sauraron mutane. Sai da furfura ta fito na koyi rubutu, na zuba hirarrakinsu cikin labari, har kamfani na shida ya yarda ya buga. Sarkin ƙaryar da ke ciki kuwa wannan aminin nawa ne, suna da sana'a kawai na sauya. Na san yau abota ta ƙare.

Ya zauna a kujerar aski, ya buɗe shafi na arba'in.

"Malam marubuci, wannan maƙaryacin naka na gane shi."

"Yaya, ka yi haƙuri, ni dai..."

"Tela maƙwabcinka ne! Har yadda yake jan kunne in zai shara ƙarya ka kamo!" Ya yi dariya har da tari, sannan ya ɓata rai. "Amma ni da ban taɓa yin ƙarya ba, ko layi ɗaya ba ka ba ni ba."

Ya faɗa yana jan kunnensa.